Inda Aka Rataye Koren Ƙyaure

Daga Farfesa, Shugaban Babbar Cibiyar Binciken Tarihin Ƙungiyoyi ta Duniya da Kewaye,
zuwa ga Hajiya Lauya, uwar 'yan haya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarki da ta gwiwoyinki, waɗanda labarinsu ya iske mu har ƙasashen waje. Amma ba'adu.

Ni ne Farfesa. Sunana yana da tsawo, digirorina sun fi shi tsawo, shi ya sa na taƙaita miki. Na sauka a garin nan a wani otal, can hawa na ƙarshe inda ko sauro sai ya huta a hanya kafin ya iso, kuma ba na fita saboda 'yan jarida.

Abin da ya kawo ni shi ne, na ji Ƙungiyar Kare 'Yan Haya, wadda kika kafa da hannunki don tsaya wa talakawa a kotu kyauta, tana shirin bikin cikar shekarunta. Cibiyarmu ta yanke shawarar rubuta tarihinta a littafi mai kaurin bango. Na aika ofishin ƙungiyar, aka ba ni wata 'yar takarda mai ƙyalli: Darakta a gaba, Darakta a baya, a tsakiya Darakta yana gaisawa da wani. Tarihin kuwa bai cika tafin hannu ba. Aka ce wadda ta san sauran ta yi ritaya tana gida, kuma ba ta son baƙi. Shi ya sa na biyo ta takarda.

Ina roƙon ki ba ni labarin yadda aka fara, musamman labarin wani koren ƙyaure da aka jingine a zauren ofishin, aka kewaye shi da tukwanen fulawa kamar mara lafiyar da aka zo dubiya.

Mai kawo miki wannan takarda ɗan aikena ne. Yaro ne mara amfani, iyakarsa makarantar allo, baki gare shi kamar rediyo, amma yana da gaskiya idan an sa masa ido. Ta dalilinsa ma na ƙara sha'awar maganar ƙyaure. Uwarsa tela ce, mijinta ya rasu, tana haya a ɗaki ɗaya da 'yan mata biyu ƙanana a wani gida bayan tashar mota. Mai gidan ya samu wanda zai mayar da gidan shaguna, ya ce kowa ya tashi. Ita hayarta ba ta ƙare ba, ta ce ba inda za ta. Ran nan ta je kai ɗinki, ta dawo ta tarar ɗakinta ba ƙyaure. Sun je ofishinku, wata mai zaƙin murya ta ce su dawo bayan biki, kowa shiri yake. Na kawo wannan ne a matsayin misali na ilimi kawai.

Idan yaron ya iso a ba shi shayi, da burodi in akwai. Binciken da muka yi a Cibiya ya nuna ba ya riƙe saƙo da yunwa.

Wassalam. Naki cikin girmamawa,
Farfesa.

*

Zuwa ga Farfesa na Duniya da Kewaye.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Gwiwoyina sun gode, ba su san sun yi suna haka ba. Ɗan aikenka ya sha shayi har buta ta yi sauƙi, ya cinye burodin da na ajiye don gobe, ya kuma gyara min rediyo ba tare da na ce ya lalace ba. Yanzu ya lalace.

Ka tambayi tarihi. Ga shi, ba mai ƙyalli ba.

Ina sabuwar lauya ina da ofis a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da igiya. Tebur ɗaya, tafireta wadda ba ta buga wasu haruffan sai an lallashe ta, sai koren ƙyaure da ya fi duk abin da ke ciki daraja. Aiki babu. Ana nan yayana ya rasu, ya bar matarsa da ƙaramin yaro. Ba a gama karɓar gaisuwa ba mai gidan da suke haya ya aiko aka cire musu ƙyaure.

Bari in koya maka abin da ba a karantarwa a Cibiya. Mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya sai da hukunci, hukunci kuwa ba ya sauri. To sai ya cire ƙyaure ya koma gefe. Bai taɓa ka ba, bai zage ka ba. Mace da yara ba za su kwana a buɗe ba. Ba ta iya canja zani, ba ta iya zagayawa bayi ba tare da tunanin tukunyarta ba. Kwana kaɗan sai ta kwashe kayanta da kanta. Ranar shari'a ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ban kore ta ba, ita ta tafi.” Shi ke nan magana ta mutu.

Na shigar da ƙara, aka sa mana rana mai nisa. Na dawo ofis na zauna ina kallon ƙyaurena, shi ma yana kallona. Na kira wani kafinta maƙwabcinmu, Allah ya jiƙansa, na ce ya cire. Ya ce, “Lauya, tafiretarki fa?” Na ce ɓarawon da ya ɗauke ta ya taimake ni. Muka ɗora shi a kura, muka tura har gidan, muka kafa a ɗakin matar yayana. Na samu fenti na rubuta a jikinsa: DUK INDA ƘYAUREN NAN YAKE RATAYE, NAN NE OFISHINMU. “Mu” ɗin nan ni ce da kafinta. Na ɗauko teburina na dasa a bakin ɗakin. Mai gida ya zo da mutanensa, na ce, “Alhaji, naka ka cire. Wannan nawa ne. Taɓa shi mu haɗu gaban alƙali a kan kayan lauya.” Ya karanta, ya sake karantawa, ya juya. Matar yayana ba ta tashi ba har aka yi shari'a, muka ci.

Daga nan labari ya bazu. Duk wanda aka cire wa ƙyaure sai ya nemo mu. Ƙyauren nan ya kwana a gidajen da ban san adadinsu ba, ya sha hayaƙin girki, ya sha fitsarin yara, ya sha duka da taɓarya sau ɗaya. Lauyoyi matasa suka shigo, ƙa'idarmu guda: inda aka rataye shi, a ranar ake ɗaukar shari'ar, ba gobe ba. Ofishinmu kuwa shekaru ya yi da labule. An sace tafiretar, bayan mako aka dawo da ita.

Sai masu ba da tallafi suka gano mu. Ban raina ba. Da taimakonsu muka ɗauki ma'aikata, muka ci manyan shari'o'i, mutanen da ba mu taɓa gani ba suka amfana. Amma aka koma bene mai ƙofar gilashi da ke buɗe kanta, wadda ba mai iya ɗorawa a kura. Aka ce ƙyaure ya zama kayan tarihi. Aka ce mai matsala ya karɓi lamba ya jira. Na yi faɗa, aka kayar da ni a taro, na ɗauki jakata.

Daraktan da ka gani gaba da baya shi ne yaron nan, ɗan yayana. Majina muke ce masa. Lokacin da nake zaune a bakin ɗakin uwarsa ya samu ƙusa ya zana mota a can ƙasan ƙyauren, ya ce da ita zai kwashe uwarsa in an kore su. Tana nan har yau. Tukwanen fulawar da aka gani, abin da suke rufewa ke nan. Ba mugu ba ne, yana aiki, kunyar baƙi ce kawai take damun sa.

Matar nan ta misalinka, a gaya mata kada ta fitar da ko cokali.

Allah ya ba da sa'ar littafi.
Lauya.

*

Daga Farfesa zuwa ga Hajiya Lauya.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da godiya marar iyaka. Malaman Cibiya sun karanta takardarki, wasu sun yi kuka, ɗaya ya nemi ƙarin albashi. Batun rediyo kuwa, yaron ya ce dama ciwon yana ciki, shi ya fito da shi fili ne kawai.

Akwai 'yan tambayoyi masu zurfin ilimi da littafin ba zai cika ba sai da su.

Ƙyauren nan, mutum ɗaya siriri, wanda ya ci burodi, zai iya ɗaga shi? Hinjinsa suna jikinsa ko sai an saya? Mai gadin ofishin, a ra'ayinki na masaniyar tarihi, mutum ne mai yawan barci? Sannan maganar nan da kika rubuta da fenti, an soke ta ko tana nan da ranta?

Matar misali kuwa, misalin ƙara lalacewa yake. Ta rataye zanin gado a ƙofar. Wakilin mai gida ya kawo kujera ya kafa a tsakar gida daidai saitin ɗakin, yana yanke farce, duk sanda iska ta ɗaga zanin sai ya ce, “Sannu da aiki, tela.” Ba ta iya fita kai kaya don kada ta bar keken ɗinki shi kaɗai, masu kaya sun fara zuwa suna karɓe yadinsu. Ruwan jiya ya shiga har ƙarƙashin gado. 'Yan matan a ɗakin maƙwabciya suke kwana, maƙwabciyar kuma ta riga ta ɗaure kayanta. Ɗan aikena yana kwana a gicciye a bakin ƙofa, wai shi ne ƙyaure. Ƙyaure mai minshari.

Yau da safe na ji, wato an kawo min rahoto, ta ce, “Tsokana, nemo mana kwalaye, na gaji.” Tsokana take kiran sa, ban san laifin da ya yi ba. Ya ce mata babu kwali a duk garin nan, gwamnati ta hana. Ta dube shi, ba ta ma yi masa faɗa ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Ba na jin wannan ƙaryar za ta yi tsawon rai.

A amsa da gaggawa saboda masu buga littafi suna jira.

Naki,
Farfesa.

*

Zuwa ga Farfesa.

Wa alaikumus salam. Ga amsoshin ilimi.

Mutum ɗaya ba zai iya ba ko ya cinye gidan burodi, a nemi mai kura. Hinji suna jiki, ƙusoshi za a saya, masu zare, dogaye. Mai gadin ba ya barci, ni na ɗauke shi aiki, kuma ina so Cibiya ta goge wannan tambayar daga bincikenta. Ƙyauren nan bai taɓa fita a ɓoye ba. Da rana yake fita, ta gaba, kowa yana gani. Ranar da aka sace shi ya zama katako kawai, wanda ya sata kuma ko ni ba zan tsaya masa ba.

Maganar ba a soke ta ba. Majina ma ya sa an buga ta a rigunan biki, wai tana da daɗin karantawa.

Tunda kai babban mutum ne, ban ga abin da zai hana ka nemi aron kayan tarihi a wurin Darakta ba, ya sa maka hannu. Ni ban ba ka shawara ba. Na dai san Majina tun yana yawo ba wando, in aka ce masa “ƙasashen waje” kunnuwansa har motsi suke.

Na ba ɗan aike ƙwai. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ka riƙa barinsa yana barci.

Lauya.

*

Daga Ofishin Babban Darakta, Ƙungiyar Kare 'Yan Haya,
zuwa ga Goggo, Uwar Ƙungiya (mai ritaya).

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina shan magungunanki a kan lokaci.

Ina farin cikin sanar da ke cewa sunan ƙungiyarmu ya ƙetare teku. Wata babbar cibiyar bincike ta duniya ta rubuto mana, da hatiminta da komai, tana neman aron tsohon ƙyaurenmu domin masana su duba shi, su ɗauki hotonsa, a sa a littafi. Sun yi alkawarin dawo da shi kafin biki, kuma Farfesan da kansa zai halarta idan jirgi ya ba shi dama.

Na amince nan take, na sa hannu. Wakilin cibiyar ya zo jiya da hantsi. Matashi ne, kayan jikinsa ba su nuna ba, amma ya yi bayani cewa a can haka masana suke shiga. Na tambaye shi wace ƙasa, ya ce Farfesa ba ya son a faɗa saboda mahassada. Na gane, manya haka suke. Na ɗan yi mamakin ganin kura maimakon mota, ya ce girgizar inji tana ɓata kayan tarihi. Mun ɗauki hoto tare. Na sa an naɗe ƙasan ƙyauren da takarda saboda ƙura.

Goggo, kin sha cewa mun mayar da shi abin ado. To ga shi zai shiga jirgi.

Na haɗo miki da rigar biki. Za a aiko mota ta ɗauke ki. Ina roƙon alfarma ɗaya: a gaban baƙi a kira ni Darakta.

Ɗanki mai biyayya,
Babban Darakta.

*

Goggo,

Gaisuwa a taƙaice yau, raina a ɓace yake.

Lauyan wani mai gida ya kira ni yana ihu, wai mun buɗe reshe a gidan wanda yake karewa ba da izini ba. Na ce ba mu da reshe a bayan tasha. Ya turo min hoto. Goggo, ƙyaurenmu ne. A ɗakin wata tela. An shanya tawul a kansa.

Na bincika. Babu cibiya, babu Farfesa. Na ɗauko wasiƙar na duba hatimin da kyau, gindin kofin shayi ne aka dangwala a tawada. Ni da na karanta shari'a a jami'a biyu, an cuce ni da kofin shayi. Baƙi za su zo biki su tarar da tukwanen fulawa sun kewaye bango, ni kuma na riga na faɗa wa kowa maganar jirgi.

Mai gadi ya ce ya taɓa ganin yaron nan da ya zo da kura yana fitowa daga layinku da ƙwai a hannu. Ba zargin ki nake ba, tambaya nake.

Ba haka ake aiki ba. Akwai mutane a layi kafin matar nan, kowa da lambarsa. In kowa ya ɗauki ƙyaure ya kai gidansu, ina tsari? Gobe zan tura direba da 'yan sanda su dawo da shi.

Ɗanki,
Darakta.

*

Majina,

Lafiyata ƙalau, na gode da tambayar da ba ka yi ba.

Kada ka tura kowa. 'Yan sanda me za ka ce musu, an sace abin da ka sa hannu ka bayar har ka ɗauki hoto? Maganar layi gaskiyarka, amma waɗanda ke layin ɗakunansu suna rufuwa.

Ka je da kanka. Ka ɗauki sukundireba, ka cire shi da hannunka matar tana kallon ka. In ka iya, ƙyaurenka ne, ba zan ƙara cewa uffan ba.

Ka sa rigar bikin, ta yi maka kyau.

Goggonka.

*

Daga Farfesa zuwa ga Hajiya Lauya.

Assalamu alaikum. Gaisuwa, da rahoton ƙarshe na bincike, kamar yadda ɗan aikena ya gani da idonsa.

Darakta ya zo da safe, shi kaɗai, cikin rigar biki, sukundireba a hannu kamar mai zuwa yanka. Mutanen gida duk suka fito, har mai wankin da ba ta barin baho. Wakilin mai gida ya miƙe daga kujera yana washe baki, ya ce, “Yawwa, ranka ya daɗe, a taimaka a cire mana.”

Tela ta fito, abin awo a wuya. Ta ce, “Kai ne mai ƙyauren? Sannu da zuwa. Allah ya saka da alheri, tunda aka sa shi nake barci.” Darakta ya buɗe baki zai fara bayanin tsari, ta ga sukundireba. Ta ce, “Af, cirewa za ka yi. To ba komai, naku ne. Bari in ɗan rufe in canja zani tukuna, ban san ranar da zan sake samu ba.” Ta shiga, ta turo ƙyauren, ta sa sakata.

To a nan sai na yi miki bayani na ilimi. Ɗakin tela ta gefen dama ake kafa masa hinji, ƙyaurenku kuma nasa a hagu suke. Shi ya sa aka juya shi kai ƙasa. Takardar da aka naɗe shi da ita kuwa 'yan mata sun yi jirgin ruwa da ita. Saboda haka da ƙyauren ya rufu, sai Darakta ya ga kansa ido da ido da wata mota, daidai saitin hancinsa.

Ya yi tsaye. Sai ƙaramar yarinyar ta ja rigarsa ta ce, “Kawu, rubutun rigarka irin na ƙyaurenmu ne, amma naka a miƙe yake.”

Can Darakta ya ce, bai juyo ba, “Wane jahili ne ya kafa wannan?”

Ɗan aike ya ce, “Ni ne, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “Ba ka ga motar tayoyinta a sama suke ba?”

Ya ce, “Hatsari ta yi, ranka ya daɗe. Amma direban ya tsira, an ce ma ya zama babban mutum.”

Hajiya, yaron ya ce ya riga ya zaɓi ta inda zai gudu. Sai Darakta ya ciro hankici ya fyace hanci, fyacewar da ta sa kajin maƙwabta suka watse. A nan Cibiya ta gano asalin sunan da kuke kiran sa.

Ya ɗora sukundireba a hinjin sama. Wakili ya ce, “Madalla.” Sai muka ga hannun yana juyawa ta ɗaya ɓangaren. Ɗaurewa yake. Ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana mita, wai ko akuya ce ta kafa za ta fi haka. Da tela ta buɗe ya ce, “Baba, a ara min tebur.” Ta ce sai na keke. Ya ce a kawo. Ya zauna a bakin ɗakin, gwiwoyinsa suna dukan ƙarfen keke, ya kira ofis ya ce a bar hura balan-balan, a turo lauya ɗaya da takardu yanzu. Ya dubi wakili ya ce, “Malam, nan ofis ne, ba a zaman banza. In kana da magana ka karɓi lamba.” Wakili ya ɗauki kujerarsa ya fita, ya manta da abin yanke farce.

A ranar aka shigar da ƙara. An rubuta wa mai gida ya mayar da ƙyauren da ya cire, kada ya taɓa kowa sai an yi hukunci. Maƙwabciyar da ta ɗaure kaya ta kwance, ta bi layi a gaban teburin keke. Tela ta ba Darakta ruwa a kofin da ake ajiye wa baƙi, ta kuma ce kafaɗar rigarsa ba ta zauna ba, ya kawo ta gyara.

Da zai tafi ya kama kunnen ɗan aike ya ce, “Ina Farfesa?” Yaron ya ce ya yi tafiya. Ya ce, “In ya dawo ka ce masa ina neman sa.” Kunnen har yanzu da zafi, in ji rahoto.

Wassalam. Naki,
Farfesa.

*

Zuwa ga Farfesa.

Wa alaikumus salam. Rahoto ya yi kyau. Majina ya zo gidana da yamma, ya ci abinci a ƙasa kamar dā, bai ambaci ƙasashen waje ba ko sau ɗaya. Ya ce ƙyauren zai koma aiki, a yi biki da bango haka nan. Ya ce kuma za su buƙaci mai tura kura wanda bakinsa ke iya buɗe ƙofar gilashi.

Sai dai littafi ba ya fita ba sunan marubuci. Ranar farko ina karanta takardarka a zuci, ɗan aikenka ya yi dariyar maganar sauro kafin in kai wurin. Ka ce ya rubuto min da kansa. Ya kuma faɗa min gaskiya, juya ƙyauren nan dole ce ta sa ko da gangan ne. Na san ɗakunan irin gidajen nan, hinji ta ko'ina ana iya kafa shi.

Lauya.

*

Zuwa ga Hajiya, kakata in kin yarda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki a durƙushe, kunya ta hana ni zuwa da ƙafa, yunwa kuma za ta kawo ni gobe.

Babu Farfesa. Babu Cibiya, babu Duniya, Kewayen ma babu. Otal ɗin benci ne a bayan shagon mai shayi, kofinsa ne hatimin. Ni ne Tsokana, ɗan tela. Allo kaɗai na riƙe, wannan rubutun a jikin shaguna na koye shi da takardun tashi da ake liƙa mana a ƙofa. Na je ofis da fuskata aka ce in dawo bayan biki. Na zo gidanki da fuskata mai aikinki ta ce ba kya nan, ina jin tarinki. Sai na ce bari in aiko wanda ya fi ni.

Ki yafe min burodi da ƙwai. Rediyo zan kai wa wanda ya iya. Inna ta ce in gaishe ki, ta ce ki aiko da awonki. Yanzu haka tana ciki ta sa sakata, ni ta rufe a waje, ta ce sai ta more.

Maganar kura na karɓa, in Darakta ya saki kunnena.

Batun juya ƙyaure kuwa, Hajiya, ni ɗan aike ne. Farfesa ne ya ce a juya.

Jikanki,
Tsokana.